Tsohon shirin QBasic mai cike da GOTO: yaya zan mayar da shi Python lissafi bai canja ba?

Hamadu, Garwa

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai wani tsohon shiri na QBasic da wata ƙungiyar manoman auduga a wajen gari ke lissafin kuɗin manoma da shi lokacin awo, tare da cire bashin taki. Ana so a mayar da shi Python. Layinsa ya kusa 900, GOTO (umarnin tsalle zuwa wani layi) kuwa ya fi 100, ga GOSUB da ON...GOTO a warwatse. Python ba shi da goto. Ga ɓangaren da ya fi ɗaure mini kai:

```
100 INPUT "Lambar manomi", L
110 IF L = 0 THEN GOTO 400
120 KUDI = AJIYA(L)
130 IF BASHI(L) > 0 THEN GOTO 190
140 INPUT "Kilo nawa", K
150 IF K = 0 THEN GOTO 300
160 IF K < 0 THEN GOTO 100
170 KUDI = KUDI + K * FARASHI
180 IF BASHI(L) = 0 THEN GOTO 140
190 CIRE = BASHI(L)
200 IF CIRE > KUDI THEN CIRE = KUDI
210 KUDI = KUDI - CIRE
220 BASHI(L) = BASHI(L) - CIRE
230 GOTO 140
300 PRINT "A biya:", KUDI
310 AJIYA(L) = 0
320 GOTO 100
400 END
```

Idan na ɗora while daga 140 zuwa 230, sai layi na 130 ya faɗo tsakiyarsa. Wani ya ba ni shawarar in yi while guda ɗaya babba, in ajiye lambar layin da za a je a wata ma'ajiya, kowane GOTO ya koma sauya wannan lamba. Shin hakan ne daidai, ko akwai hanyar da ta fi? Allah ya saka da alheri.

Malam Isuhu, Ngaundere

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye kwamfutar tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Matsalarka a zane take, ba a Python ba.

Da farko ka yanka shirin tubali-tubali. Tubali shi ne jerin layukan da ake shiga ta kansa kawai, a fita ta ƙarshensa kawai. Sabon tubali yana farawa a duk layin da wani GOTO ke nufa, da kuma layin da ke bin bayan GOTO. Naka guda takwas ne: A (100-110), B (120-130), C (140-150), D (160), E (170-180), F (190-230), G (300-320), H (400). Layi na 200 ba ya tsalle ko'ina, ka bar shi cikin F. Sai ka ja kibiya daga kowane tubali zuwa duk inda zai iya zuwa. Kada ka manta da kibiyar zarcewa, wato in sharaɗi bai cika ba shiri ya gangara layi na gaba. Ita aka fi mantawa saboda ba a rubuta ta. Za ka samu kibiyoyi 12: A zuwa B da H, B zuwa C da F, C zuwa D da G, D zuwa E da A, E zuwa C da F, F zuwa C, G zuwa A.

Yanzu tambayar da ta fi kowace: wane tubali ne mashigar dole ga wane? Mai tahowa da mota daga nan Ngaundere ba ya shiga cikin garin Garwa sai ya haye gadar Benuwai. To haka A take ga kowa a zanenka, haka C take ga D da E da G. Madauki na ƙwarai shi ne wanda kibiyarsa ta komawa ke faɗawa kan tubalin da yake mashigar dole ga inda ta taso. D zuwa A, G zuwa A, E zuwa C, duk lafiya lau. Amma dubi F zuwa C. Ana iya isa F daga B kai tsaye ba a taka C ba, ana kuma iya isa C ba a taka F ba. Madaukinka na ciki ƙofa biyu gare shi, 140 da 190, shi kuwa while ƙofa ɗaya ya sani. Shi ya sa ya ƙi zama, ba don ka kasa ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da Hecht da Ullman suka kawo a 1972, da fensir ma ana yinsa. Doka biyu ce. Tubalin da kibiyarsa ke komawa kansa, share kibiyar. Tubalin da hanya ɗaya tak ke shigarsa, haɗe shi da wanda ya fito daga gare shi. Ka yi ta maimaitawa. In zanen ya dunƙule ya zama ɗigo ɗaya, ana iya tsara shi da if da while ba tare da kwafar komai ba, sai dai wataƙila tuta (ma'ajiya mai riƙe e ko a'a) ɗaya ko biyu wajen fita. Naka kuwa D da E da G za su shige cikin C, B da H su shige cikin A, sai ya cije a kusurwa uku: A da C da F, kowanne daga C da F hanya biyu ke shigarsa.

Maganinsa a rufe ƙofa ɗaya ta hanyar kwafar ƙaramin tubalin. F layi biyar ne kawai. Ka yi kwafinsa ɗaya a waje kafin madauki don masu zuwa daga 130, na asali ya zauna ciki don masu zuwa daga 180. Tun da ba ma son rubutu iri ɗaya a wuri biyu, sai ya zama fankishin a kira shi sau biyu:

```
def cire_bashi(l, kudi):
    cire = min(bashi[l], kudi)
    bashi[l] -= cire
    return kudi - cire

def awon_manomi(l):
    kudi = ajiya[l]
    if bashi[l] > 0:
        kudi = cire_bashi(l, kudi)
    while True:
        k = karanta_lamba("Kilo nawa")
        if k == 0:
            break
        if k < 0:
            return
        kudi += k * farashi
        if bashi[l] != 0:
            kudi = cire_bashi(l, kudi)
    print("A biya:", kudi)
    ajiya[l] = 0

while True:
    l = int(karanta_lamba("Lambar manomi"))
    if l == 0:
        break
    awon_manomi(l)
```

Ka lura da abin da ya faru da layi na 160. Tsallensa yana fita daga madaukin ciki, ya tsallake biyan kuɗi, ya koma bakin na waje. A Java ko JavaScript da sai ka sa wa madaukin waje suna ka yi continue da sunan. Python ba shi da wannan, break ɗinsa hawa ɗaya yake fita. Don haka na zare jikin madaukin waje na mai da shi fankishin, GOTO 100 ya zama return. Ya fi a kafa tuta ana dubawa bayan kowane break.

Ga layi 900, hannu zai gaji. Rubuta ɗan shiri ya tsinto tubalan da kibiyoyin, ka zana su da manhajar zane ta Graphviz, ka ba laburaren Python mai suna networkx ya fitar maka da mashigan dole da immediate_dominators. Amma ka yi wannan guntun da hannu sau ɗaya don idonka ya saba.

Hamadu, Garwa

Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Na zana, kuma na ga kusurwa ukun. Amma tun da 130 da 180 duk bashi suke dubawa, ba za a iya haɗe su a sa su a bakin while ba, a kira cire_bashi sau ɗaya kawai?

Hajara, Marwa

Ɗan'uwa Hamadu, a nan fa ka taka a hankali. Da ido kamar tambaya ɗaya suke yi, amma ba ɗaya ba ce. Layi na 130 yana cewa in bashi ya fi sifili a je a cire. Layi na 180 yana cewa in bashi sifili ne a koma awo, wato duk abin da ba sifili ba, har wanda ya gaza sifili, zai gangara 190. Shi ya sa Malam Isuhu ya rubuta > 0 a sama, ya rubuta != 0 a ƙasa, kuma ya yi daidai.

Ɗauki manomin da ya biya fiye da abin da ake binsa, bashinsa ya zama -2,000. A 130 ba za a taɓa shi ba. Da an auna buhun farko, 180 zai bar shi ya wuce, CIRE ya zama -2,000, layi na 210 ya cire abin da ke ƙasa da sifili, wato ya ƙara masa 2,000 a kuɗinsa, bashin ya koma sifili. Ka ga shirin yana mayar wa mutum rararsa, amma sai ranar da ya kawo auduga. In ka haɗe sharuɗɗan da > 0, rarar mutane ta maƙale har abada. In ka haɗe su da != 0, wanda bai kawo ko kilo ɗaya ba zai karɓi rararsa, abin da tsohon shirin bai taɓa yi ba. Ana iya haɗewar in ka bi duk wuraren da ake rubuta BASHI a layuka 900 ɗin ka tabbatar ba ya sauka ƙasa da sifili, ka kuma duba fayil ɗin bayanan da ake lodawa. Kafin nan, a bar su biyu.

Sai wani abu da ya fi wannan nauyi, kuma rubutun Malam ya fito da shi fili. Dubi return ɗin nan na tsakiya. Manomi yana da ajiya 5,000, ana binsa 20,000. An shigar da lambarsa, an cire 5,000, bashi ya koma 15,000. Sai magatakarda ya ga ya buga lambar wani, ya sa -1 don ya soke. Shiri ya koma 100. AJIYA tana nan 5,000 domin ba a kai 310 ba, amma BASHI ya riga ya ragu. In aka sake yi, ya koma 10,000. Sokewa huɗu, bashin taki ya ɓace, ba wanda ya biya ko dala. Haka nan in an auna buhu uku kafin a soke, kuɗin buhunan ya riga ya ci bashin. Wannan kuskure yana cikin tsohon shirin tun asali, GOTO ne ya lulluɓe shi.

Duk da haka ina roƙonka kada ka gyara shi yanzu. Aiki biyu ne, kar a cakuɗa su. Na farko, sabon shiri ya yi abin da tsohon ke yi ƙafa da ƙafa, har da kurakuransa. Na biyu, gyara, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sanin shugabannin ƙungiya, domin kuɗin mutane ne kuma akwai yiwuwar littattafan shekarun baya sun ɗauki wannan ɓaraka. In ka haɗa su, ranar da lissafin sabo da na tsoho suka saɓa ba za ka san gyaranka ne ya jawo ko fassararka ce ta karkace ba. Gyaran kansa ba wuya: a riƙe bashin a wata ma'ajiya ta wucin gadi cikin awon_manomi, kada a rubuta shi cikin bashi[l] sai a wurin da ake share ajiya.

Ga yadda za ka gwada. Yi kwafin tsohon shirin, ka canja INPUT zuwa INPUT #1 da PRINT zuwa PRINT #2 don ya karanta daga fayil ya rubuta a fayil, ka sa SYSTEM a madadin END don ya fita da kansa, ka ƙara layukan da za su zubo dukan BASHI da AJIYA a ƙarshe. Ka kunna shi cikin DOSBox, manhajar da ke kunna tsoffin shirye-shiryen DOS. Ka ba sabon shirin fayil ɗin shiga iri ɗaya, ka kwatanta abin da suka fitar. Guntun nan sharuɗɗa shida gare shi, a ma'aunin McCabe na ƙirga hanyoyin shiri, hanyoyi bakwai ke nan masu zaman kansu, don haka gwaji bakwai ne mafi ƙaranci. Ka tabbata akwai mai bashi ƙasa da sifili, da sokewa kafin awo, da sokewa bayan awo, da wanda bashinsa ya fi kuɗin audugarsa duka.

Kuma karanta_lamba ba float(input()) ba ce kawai. A QBasic in aka danna Enter ba a rubuta komai ba, lambar sifili ce, kuma mai yiwuwa da haka magatakarda ke rufe awon kowane manomi. In aka buga harafi, sai ya ce Redo from start ya sake tambaya. Python a duka biyun faɗuwa zai yi da ValueError.

Injiniya Abakar, Injamena

Sallama gare ku duka. Malam Isuhu da Malama Hajara sun gama da guntun. Ni zan taɓa shawarar while guda ɗaya da aka ba ka, da sauran layukan da ba ka nuna mana ba.

Shawarar tana aiki, babu musu. Böhm da Jacopini sun nuna tun 1966 cewa jerantawa da zaɓi da maimaitawa sun isa a rubuta kowane shiri, muddin an yarda a ƙara ma'ajiyai na taimako. Amma in ka yi mataki = 190 sannan ka koma bakin while, GOTO ka rubuta da wani suna. Ƙorafin Dijkstra a wasiƙarsa ta 1968 shi ne mai karatu ya kasa gane inda shiri yake da kuma yadda aka yi ya iso wurin, wannan kuwa bai ragu ba ko kaɗan. Kuskuren da Malama Hajara ta gano da yana nan a ɓoye cikin if guda takwas masu kama da juna.

Inda dabarar ke da amfani shi ne a ƙaramin wuri. Kwafar tubali tana da iyaka: in madaukai masu ƙofa biyu ko uku suna cikin juna, kowane kwafi yana jawo wani, shirin ya yi ta ninkuwa. In ka ga tubalin da za ka kwafa ya kai layi 40 kuma yana da nasa tsalle-tsallen, to ka gina wa wannan madaukin kaɗai ƙofa ɗaya sabuwa. Kafin shiga a rubuta kofa = 1 ko kofa = 2, a bakin madauki a duba a rarraba. Masu fassara harshen C zuwa WebAssembly (tsarin shirin da burauza ke kunnawa), wanda shi ma ba shi da goto, irin haka suke yi wa madaukai masu ƙofa da yawa, sauran shirin su bar shi da tsarinsa na block da loop.

Yawancin GOTO ɗinka ba za su kai nan ba. Iri biyu ne masu sauƙi. Tsalle gaba a hawa ɗaya, IF sharaɗi THEN GOTO wani layi a ƙasa, yana zama if not sharaɗi, layukan da aka tsallake su shiga ƙarƙashinsa. Tsalle baya yana zama while True da if not sharaɗi: break a ƙarshe. Erosa da Hendren na jami'ar McGill sun tsara hanyar a 1994: a yi ta matsar da goto waje ko ciki, hawa-hawa, ana riƙe sharaɗinsa a tuta, har ya zo hawa ɗaya da layin da yake nufa, sannan a kashe shi da ɗayan dokokin biyu. Ka fara da mafi gajeren tsalle, na ciki-ciki, ka yi gwajin Malama Hajara bayan kowane ɗaya. Wajen juya sharaɗi ka kula: kishiyar A > 0 AND B > 0 ita ce A <= 0 OR B <= 0. In kana shakka, ka sa not a gaban baka ka bar shi haka.

Yanzu tarkunan BASIC. GOSUB ba fankishin ba ne, tsalle ne da ke tuna hanyar dawowa. Ka bi kowanne ka ga abu uku. Shin akwai mai shiga tsakiyarsa, misali GOSUB 600 a wani wuri da GOSUB 640 a wani? To fankishin biyu ne, na 600 ya kira na 640 a ƙarshensa. Shin akwai GOTO da ke ficewa daga ciki ba RETURN? Wannan yana barin adireshin dawowa a jibge, in ya taru shiri ya tsaya da kukan wuri ya ƙare. A Python ka sa fankishin ya dawo da alamar abin da ya faru, mai kira ya yanke inda za a nufa. Shin shiri na iya gangarowa cikinsa daga layin sama ba tare da GOSUB ba? Sannan duk ma'ajiyan shiri irin wannan na kowa da kowa ne, kuma da sifili suke farawa. Kafin ka mai da wata ta cikin gida, ka tabbata ba wani wuri da ke dogaro da abin da ta bari daga zagayen baya. KUDI a guntun nan ana sake cika ta a 120, amma ka bincika ko ɓangaren buga rasit yana karanta KUDI ko CIRE.

ON X GOTO 500, 600, 700 kibiya huɗu gare shi, ba uku ba. In X sifili ne ko ya wuce uku, shiri yana zarcewa layi na gaba shiru, don haka if da elif ɗinka suna buƙatar else mai ɗauke da wannan hanya. Shi kuma FOR I = 1 TO N, in ya ƙare da kansa I tana zama N + 1, kuma masu rubutun da sukan fice da GOTO in sun sami abin da suke nema, daga baya su duba IF I > N don sanin ba a samu ba. A Python i tana tsayawa kan N, sharaɗin ba zai taɓa cika ba. Ka yi amfani da for mai else, domin else ɗin yana gudana ne kawai in ba a yi break ba.

Mafi wuya shi ne ON ERROR GOTO. Daga inda aka kunna shi, kusan kowane layi yana da kibiya ɓoyayya zuwa wurin kula da kuskure, RESUME NEXT kuma yana dawowa layin da ke bin wanda ya faɗi. try ɗaya babba ba ya yin haka. Ka duba lambobin ERR da ake kamawa, galibi fayil da ba a samu ba ne, lamba 53, ko firinta da ba ta shirya ba, ka sa ƙaramin try a kan layukan da za su iya jawo su kaɗai.

Malam Isuhu, Ngaundere

Injiniya ya cika sauran. Ƙari ɗaya, Hamadu, don kada gwajinka ya ruɗe ka. Ko tsarin ya fita daidai, lambobi na iya saɓawa. Ma'ajiyar QBasic da ba a sa wa alama ba, irin KUDI, lamba kusan bakwai take riƙewa daidai. Daga 16,777,216 zuwa sama ba ta iya riƙe kowace lamba, tsallake ɗaya-ɗaya take yi, jimillar kuɗin ƙungiya a kaka ɗaya kuwa tana iya wuce haka a sefa. Python zai ba ka lissafin da ya fi daidai, sai ka ga bambancin sefa ɗaya ko biyu ka ɗauka kai ka ɓata. A kwafin gwajin ka sa DEFDBL A-Z a layin farko don ma'aunin ya zo ɗaya, amma ka duba tukuna ko akwai DEFINT ko alamar % a wani wuri. INT na BASIC ƙasa yake yankewa, INT(-2.5) yana ba da -3, int na Python kuwa -2, don haka math.floor za ka sa. DIM BASHI(500) kuma gurbi 501 ne, daga 0 zuwa 500. In ka ga lambar layin da ke da GOSUB mai ficewa ba RETURN, turo guntun nan mu zana shi tare.